Gida a Kaduna, aiki a Abuja: in zuba 'yan haya in ci bashin wani gidan?

Baban Zainab:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu ban taɓa cewa uffan ba, yau dai ga ni da tawa matsalar.

Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, shekarata 44. Ina da gida a Kaduna wajen Kinkinau, ɗaki uku da falo, da kaɗan-kaɗan na gina shi cikin shekara shida, ba bashin kowa a kansa. Shekara biyu ke nan da aka mayar da ni Abuja. Ina haya a Kubwa, bara na biya miliyan 2, bana mai gidan ya ce miliyan 2 da rabi ko in ba shi makullinsa. Gidan Kaduna kuwa a rufe yake, sai ƙanina da ke leƙawa yana sharewa.

Na ga gida a wani rukunin gidaje a hanyar Kuje, miliyan 38. Ina da miliyan 8 a hannu. Tunanina shi ne in zuba 'yan haya a na Kaduna, dillali ya ce za a samu miliyan 1 da rabi a shekara, sannan in nemi rancen miliyan 30 daga asusun gidaje na ƙasa, wato NHF, tunda tun ranar da na kama aiki ake yankar min kashi 2.5 na albashi ana zubawa a ciki. Albashin da ke shigowa hannuna dubu 520 ne. Abin da nake son sani: banki zai haɗa kuɗin hayar nan cikin abin da nake samu? Kuma kasancewar ina da wani gidan zai hana a ba ni?

Sarkin Zolaya:
Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe mai gida biyu. A riƙa tunawa da mu masu ciki ɗaya da banɗakin haɗaka.

Akanta:
Wa alaikumus salam Baban Zainab. Na yi shekara bakwai a wani bankin rancen gidaje kafin in bar aikin, bari in ba ka amsa ba kwana-kwana.

Gidan Kaduna ba zai hana ka ba. Abin da ke hana mutum shi ne in ya taɓa karɓa, domin rancen NHF sau ɗaya ake ba mutum a rayuwarsa. Kai da guminka ka gina na farko, damarka tana nan. Sharuɗɗan sanannu ne: ruwa kashi 6 cikin 100, wa'adi har shekara 30, ka yi aƙalla wata shida kana zubi, kuma ta hannun ɗaya daga cikin bankunan rancen gida masu lasisi ake bi a kai ga FMBN, bankin rancen gidaje na gwamnatin tarayya. Da can iyakar abin da ake bayarwa miliyan 15 ne, yanzu an ɗaga zuwa 50.

Sai dai shekara 30 ɗin nan ba taka ba ce. Kana 44, ritaya a 60, saura 16, kuma a kan 16 za a yi maka lissafi. Miliyan 30 a kashi 6 cikin shekara 16, wajen dubu 243 ke nan duk wata. Ƙa'ida kuma kada biyan wata ya wuce sulusin albashi. Sulusin dubu 520 nawa ne? Dubu 173. Abin da wannan zai iya ɗauka miliyan 21 ne da 'yan kai, ba 30 ba.

Kuɗin haya kuwa, mu dai a lokacinmu ba ma ɗora rance a kansa. Albashi ana yanke shi tun daga tushe kafin ya shigo hannunka. Ɗan haya wa zai yanke shi daga tushe? Balle gidan da ko ɗan hayar bai shiga ba tukuna, dillali ne kawai ya yanka farashi da baki.

Baban Zainab:
Na gode Akanta. To amma dubu 173 da dubu 125 na haya ai sun haura 243. Ga hayar Kubwa da zan daina biya, ita kaɗai in an raba dubu 208 ce a wata. Ni a ganina sauƙi ma zan samu.

Akanta:
Ban ce ba za ka iya ba, cewa na yi banki ba haka zai duba ba. Shi ma'aikacin da fayil ɗinka zai je teburinsa tambaya ɗaya yake yi wa kansa: in gidan Kaduna ya zauna wata takwas ba kowa, mutumin nan zai biya? In amsar tana buƙatar "in Allah Ya sa ɗan haya ya kawo", to fayil ya kwanta.

Maman Khalil:
Baban Zainab, ni ban san lissafin banki ba, amma na san ɗan haya. Muna da gida a Rijiyar Zaki a Kano, da aka yi wa maigidana canji zuwa Legas muka ba da shi haya. Shekarar farko ɗan haya ango ne. Ya zo da kuɗinsa cif, har da turmin atamfa ya kawo min wai na sanin arziki. Shekara ta biyu ya ba da rabi, ya ce kayansa sun maƙale a boda. Ta uku sai ya daina ɗaga waya. In maigidan ya aika ɗan uwansa, sai matar ta leƙo ta ce ya yi tafiya, ga motarsa kuwa a tsakar gida. Wata goma sha huɗu suka zauna ba ko sisi. Da suka tashi, sokawe ya cika, famfunan banɗaki duk an karya, silin ɗin falo ya rufto saboda yoyon da ba su taɓa faɗa mana ba, ga bashin wuta. Abin da muka kashe a gyara ya kusa hayar shekara guda.

Kuma ka lura da wani abu. Hayar mu nan shekara-shekara ake biya, banki kuma wata-wata yake karɓa. Ranar da miliyan 1 da rabi ta faɗo asusunka a dunƙule, ranar za ka tuna kuɗin makarantar yara da tayar mota da bikin 'yar ƙanwarka. Kafin wata na huɗu ba ko ƙurarta. Ba raina ka na yi ba, wallahi mu ma haka ta faru da mu.

Sarkin Zolaya:
Hajiya, a madadin ƙungiyar 'yan haya ta ƙasa ina neman afuwa. Amma atamfar dai kin ɗinka ko?

Maman Khalil:
Na ɗinka mana, ai ita kaɗai na ci a gidan.

Barista:
Kafin a yi nisa da lissafi, Baban Zainab, wace takarda gare ka a gidan Kinkinau? Kuma wace takarda gidan hanyar Kuje yake da ita?

Baban Zainab:
Na Kaduna takardar ciniki ce, da sa hannun mai unguwa da shaidu huɗu. Na fara neman ta gwamnati a KADGIS, hukumar takardun filaye ta jihar Kaduna, sai canjin aiki ya zo na bar ta a hanya. Na Abuja kuma masu rukunin sun ce takardunsu lafiya lau.

Barista:
"Lafiya lau" ba sunan takarda ba ne, yallaɓai.

Bari in ɗauke su ɗaya-ɗaya. Na Kaduna tukuna. In haya kawai za ka bayar, takardar mai unguwa ta ishe ka. Amma in tunaninka ya kai ga jinginar da shi don cike giɓin nan da Akanta ya nuna, ba bankin da zai karɓe ta. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya ce ba a sayarwa, ba a jinginarwa sai da amincewarsa. Ba wasa ba ne. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo, 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba tare da amincewar gwamna ba, banki yana ji yana gani. Tun daga nan bankuna suka koyi hankali. Saboda haka ko ba don rance ba, ka koma KADGIS ka ƙarasa C of O ɗinka, wato takardar mallaka ta gwamnati. Gidan da mai shi ba ya gari, takardarsa kuma ta mai unguwa, shi ne irin wanda ake wayar gari an sayar wa mutum biyu.

Na Abuja ya fi ba ni tsoro. A Abuja ba gwamna, ministan birnin tarayya ne ke ba da fili. Hanyar Kuje da Lugbe da Gwagwalada cike suke da filayen da takardarsu ta ƙaramar hukuma ce ko ta sarkin gari, kuma irinsu ne katafila ke bi ta kai. Ka ce su ba ka lambar fayil, ka sa lauya ya je AGIS, ofishin takardun filayen Abuja, ya yi bincike da kansa. Ka kuma tambaya: takardar ɗaya ce ta rukunin gaba ɗaya? In haka ne, ba su riga sun jinginar da ita wajen wani bankin don kuɗin gini ba? Kada ka ba da miliyan 8 ɗinka kafin alƙalami sai ka ga amsar nan a rubuce.

Batun ɗan haya kuma, abin da Hajiya ta faɗa gaskiya ne, ga yadda doka take. Mai biyan shekara-shekara, in yarjejeniyarku ba ta faɗi wani abu daban ba, notis na wata shida ake ba shi. In ya cika bai tashi ba, sai na kwana bakwai, sannan kotu. Ba ka da ikon cire masa ƙofa ko kwance kwano ko kawo 'yan sanda, in ka yi kai za ka koma mai laifi. Kuma kuskuren kwanan wata ɗaya a notis yana iya mayar da kai farko. Shi ya sa nake ce wa mutane su rubuta yarjejeniya mai wa'adi, shekara ɗaya cif, da sharaɗin notis gajere a ciki, kada a tsaya ga "ai mutumin kirki ne, tare muke sallah".

Abu Sumayya:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, an yi maganar kashi 6, an yi ta sulusi, an yi ta sokawe, ba wanda ya kira abin da sunansa. Riba ce. Ko kashi 6 ko kashi 1. Allah Ya ce Ya halatta ciniki Ya haramta riba, a Baƙara aya ta 275, kuma a ta 279 Ya yi shelar yaƙi ga wanda bai bari ba. Ɗan uwa, kana da gida naka na kanka ba bashi. Mutane nawa ne a zauren nan ke roƙon Allah abin da ke hannunka? Me zai kai ka?

Injiniya:
Allah gafarta Malam, ba musu nake da aya ba, amma a dubi halin da ake ciki. Kuɗin nan na NHF daga albashinmu ake yanka tun dokar 1992, ko kana so ko ba ka so in kana aikin gwamnati. A 2023 ne ma aka sassauta wa ma'aikatan kamfanoni ya zama ganin dama. In ba ka ci rancen ba, sai ka kai 60 ko shekara 35 a aiki a mayar maka da abinka da ɗan ruwan kashi 2, lokacin ba zai sayi ko ƙofar gida ba. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34. Dala daga wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a 2024. Wanda ya karɓi miliyan 21 yau ya biya cikin shekara 16 a kashi 6, wallahi abin da zai mayar bai kai darajar abin da ya karɓa ba. Wa aka zalunta a nan?

Abu Sumayya:
Injiniya, hukunci ba ya bin farashin dala. An ba ka 21, an shar'anta ka mayar da fiye da 21 saboda jinkiri, wannan shi ne ainihin abin da aka hana. Cewa kai ne ka ci riba a cinikin ba ya wanke shi. Kuɗinka da aka yanka kuma haƙƙinka ne, ka karɓi abinka in lokaci ya yi.

Injiniya:
To shi ke nan, ma'aikaci Musulmi ya yi ta zubi wasu na kwasa, shi kuma ya mutu a gidan haya.

Abu Sumayya:
Wanda muke magana a kansa ba zai mutu a gidan haya ba. Yana da gida a Kinkinau.

Na Manchesta:
Bari in sa baki daga nan Ingila, don wannan muhawarar mun sha yin ta a masallacinmu. Akwai fatawar da Majalisar Fatawa ta Turai ta fitar a 1999, ita ce masu karɓar rancen gida a nan ke kafa hujja da ita. Ta yi rangwame ne saboda buƙata, da sharaɗin cewa gidan na zaman mutum ne da iyalinsa, ba shi da wani gidan, kuma ba shi da dukiyar da zai saya ba tare da rance ba. Malamai da yawa ma ba su yarda da ita ba. Abin da nake nufi, ko wannan da ta fi kowace sassauci ba ta rufe mai gida a hannu yana neman na biyu ba. Injiniya ka yi haƙuri, a nan Malam ya fi ka hujja.

Ta ɓangaren tsari kuwa, abin da Baban Zainab ke son yi a nan sananne ne, har bankuna na da rance na musamman dominsa. Su suna lissafa kuɗin haya, amma dubi yadda suke yi: sai hayar ta kai kashi 125 zuwa 145 na ruwan da za ka riƙa biya a kan gidan, kuma yawanci sai kana da rubu'in darajar gidan naka na kanka. In akwai tsohon rance a kan gidan, ba ka isa ka sa ɗan haya ba sai da izinin banki. Ga harajin sayen gida na biyu, daga kashi 3 da aka sa a 2016 ya koma kashi 5 a ƙarshen Oktoban 2024. Wato ƙasar da haya ke shiga asusu duk wata ba fashi, ita ma ba ta yarda haya ta yi daidai wa daida da bashi ba, sai da rara.

Akanta:
Madalla. Mu da ba mu da wannan tsarin sai mu ninka taka-tsantsan.

Tunda Malam ya kawo maganar, akwai bankunan da ba ruwa: Jaiz tun 2012, TAJ 2019, Lotus 2021. Yadda ake yi, ko dai banki ya sayi gidan ya sayar maka da riba sananniya, wato murabaha, ko ya saya ya ba ka haya har ka mallaka, wato ijara, ko ku yi tarayya kana sayen kasonsa sannu a hankali kana biyan hayar abin da ya rage. Amma kada wani ya shiga da zaton araha. Su ma kasuwa ɗaya suke ci da sauran, kuma wa'adinsu bai kai na NHF tsawo ba, don haka biyan wata ya fi nauyi. Abin da za ka samu kwanciyar zuciya ne, ba ragin kuɗi ba.

Bankin kasuwa kuwa kada ma ka tsaya a ƙofarsa. Babban Banki da kansa ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024. A ce an ba ka miliyan 30 a kashi 25 na shekara goma: ruwa kaɗai a watan farko dubu 625, biyan wata wajen dubu 680. Ya fi albashinka gaba ɗaya.

Hajiya Babba:
Ku dakata da lissafin nan haka. Baban Zainab, ɗana, tambaya ɗaya zan yi maka. Gidan Kinkinau da ka ce da guminka ka gina, gumin naka ne kai kaɗai? Don ni na san gidajen ma'aikata. Wuya ka ga an kai linta ba a sayar da sarƙar matar gida ba.

Baban Zainab:
Hajiya kin kama ni. Kuɗin kwano da silin na Maman Zainab ne, gadonta na mahaifinta ta ba ni, miliyan 2 da ɗoriya a lokacin.

Hajiya Babba:
To ka gani. Rance ta ba ka, ko kyauta, ko tarayya kuka yi? In ba ku taɓa zama kun faɗa ba, ku zauna yau, a rubuta, a sa shaidu. Miliyan 2 na wancan lokacin ba miliyan 2 na yau ba ne. Kana shirin ba da gida haya, wasu na ce maka jinginar, wasu za su ce sayar, ita mai kwanon an tambaye ta? Mun ga irin wannan a rabon gado, mace ta zo tana kuka tana cewa da kuɗinta a ginin, dangin miji su ce ina shaida.

Maman Khalil:
Allah Ya saka da alheri Hajiya. Wannan ita ce maganar da maza ba sa so a taɓo.

Sarkin Zolaya:
Mu fa ba mu ce komai ba, muna nan muna sharar hawaye.

Shugaban Zaure:
Jama'a a tsaya kan batu. Wanda ya turo tallan filaye a Karshi na goge, in ya sake zan fitar da shi.

Abu Sumayya:
Ga mafita mai tsabta, ban ga wanda ya kawo ta ba. Nawa gidan Kinkinau zai yi in an sa shi a kasuwa?

Baban Zainab:
An taɓa taya shi miliyan 28.

Abu Sumayya:
To 28 da 8 nawa ke nan? 36. Saura 2 ka cike 38, wannan ko ƙungiyar adashin ofis ta ba ka. Ka sayar, da yardar mai ɗakinka, ka sayi na Abuja kuɗi hannu. Ba riba, ba ɗan haya, ba mai yankar albashinka shekara 16. Taura biyu ba ta taunuwa.

Baban Zainab:
Malam na yi wannan tunanin, zuciyata ce ta ƙi. Abuja ba garina ba ne, aiki ne ya kawo ni, gobe ana iya cewa Fatakwal. Mahaifiyata tana Tudun Wada, can zan koma in na yi ritaya. Kuma in na sayar yau, nan da shekara 16 ba zan iya sayen ko filinsa ba.

Injiniya:
A nan ina bayanka. Kada ka sayar da gida a ƙasar da siminti ke tashi kamar farashin tumatir da damina. Amma in haka ne, me ya sa dole sai ka mallaka a Abuja? Abokan aikinmu nawa ne iyalinsu ke Kaduna? Ka mayar da su gidansu, ka kama ɗaki ɗaya mai banɗaki a Kubwa, Juma'a ka hau jirgin ƙasa ka sauka Rigasa, Litinin da asuba ka dawo. Tun 2016 mutane ke wannan rayuwar. Hayar miliyan 2 da rabi ta koma ƙasa da rabinta, kuɗin makaranta ma ya sauka.

Maman Khalil:
Injiniya, an ga ba kai za a bari da yara huɗu kwana biyar a mako ba. Kuma tun harin jirgin nan na Maris 2022 ba kowace mace ce hankalinta zai kwanta mijinta na kan hanyar nan duk mako ba.

Akanta:
Bari in mayar da mu kan lambobi, don in ya zaɓi rancen ya san inda ya tsaya. Ana ba shi 21, yana da 8, ya zama 29. Saura 9. Tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta ba da damar cire har kashi 25 na abin da ke asusun fansho don biyan kason mai saye a rancen gida, in ka yi wata 60 kana zubi kuma ritayarka ba ta zo kusa ba. In kana da miliyan 16 a ciki, 4 ke nan. Saura 5. Kuma ba a nan ta tsaya ba: kuɗin lauya, kuɗin mai kimanta gida, hatimi, rajistar jingina, inshora. Ga wani abin da mutane ke mantawa, rancen ba ya fitowa ranar da ka nema. Duk watannin da za ka yi kana jira, hayar Kubwa na tafiya, mai rukunin gidaje kuma yana iya cewa farashi ya tashi.

Kuɗin hayar da za ka karɓa shi ma kuɗin shiga ne a idon hukumar haraji, kuma in kamfani ka ba wa, zai cire kashi 10 tun kafin ya ba ka. Cire la'adar dillali, cire gyara, cire watannin da gida zai zauna ba kowa tsakanin mai fita da mai shiga. Ni in ni ne, miliyan 1 da rabi ɗin nan miliyan 1 zan rubuta ta, kuma ba zan sa ta a biyan wata ba sam. Asusu daban zan buɗe mata, ta zama abin da zan jingina da shi ranar da albashi ya makara.

Abu Sumayya:
In an tara ta ta kai nisabi ta shekara, a tuna da zakka. Ginin kansa ba a fitar masa, amma kuɗin hayar da aka ajiye ana fitarwa.

Baban Zainab:
Na gode ƙwarai jama'a. Akwai abu ɗaya da ban faɗa ba. Ƙanin nan nawa da ke share gidan zai yi aure bayan Sallah. Ya ce maimakon a sa bare, shi ya shiga, zai riƙa ba ni dubu 800 a shekara. Hajiyarmu ma ta sa baki.

Sarkin Zolaya:
Inna lillahi. Akanta, goge miliyan 1 ɗin nan, rubuta sifili.

Barista:
Na yi shekara goma sha tara ina aikin lauya, ban taɓa ganin wanda ya kai ƙaninsa kotu kan haya ya koma gida ya ci tuwon mahaifiyarsa lafiya ba. In za ka ba shi, ka ba shi don Allah da zumunci, ka san kyauta ka yi. Amma kada ka je banki ka sa hannu a takardar shekara 16 kana dogaro da dubu 800 ɗin nan.

Hajiya Babba:
Ba laifi ba ne ɗan uwa ya zauna a gidan ɗan uwansa, lada ne ma, kuma ya fi bare kula da gida. Sai dai a faɗa masa wa'adi tun yanzu a gaban Hajiyarku, shekara biyu ko uku, kuma Maman Zainab ta ji da kunnenta. Amarya in ta haihu biyu a gida, gidan ya zama nata a bakin dangi.

Baban Zainab:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana tara, ga inda aka kwana.

Na je bankin rancen gida. Kamar Akanta yana wurin: miliyan 21 da dubu ɗari uku suka ce, kuɗin haya kuma ma'aikaciyar bankin ko kallon takardar dillalin ba ta yi ba. Lauyan da na sa ya nemi lambar fayil wajen masu rukunin hanyar Kuje, yau kwana shida suna cewa manaja ya yi tafiya. Miliyan 8 ɗina na nan inda take. Na zauna da Maman Zainab, ta ce ita ba rance ta ba ni ba, tarayya muka yi, kuma ta daɗe tana jiran ranar da zan tambaya. Mun rubuta, yayanta da limamin unguwarmu sun sa hannu. Maganar Malam kuma ta tsaya min a rai, ranar Litinin zan shiga ɗaya daga cikin bankunan da ba ruwa in ji nasu lissafin kafin in yanke komai. Hayar Kubwa dai na biya rabi, mai gidan ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

Jiya Asabar na shiga Kaduna don in ɗauko takardun da zan kai KADGIS. Na buɗe gida na tarar an yi wa ɗakuna biyu sabon fenti, ruwan hoda, ga gado da katifa a leda an jingine a falo.

Akanta:
Wa ya ba su makulli?

Baban Zainab:
Ai shi ke sharewa.